Garwashi da Lauyoyin Ranar Asabar

Yayata ba da wannan suna aka haife ta ba, amma ko 'ya'yan cikinta in za su yi wa baƙo kwatance, sai su ce ya tambayi gidan Garwashi. Tun tana budurwa sunan ya kama ta, lokacin da take yi wa maƙwabta guga a ƙofar ɗakin mahaifiyarmu da dutsen guga irin na da, wanda ake cika wa wuta. Baƙi suna ɗauka daga nan sunan ya fito. Waɗanda suka taɓa yin cacar baki da ita kuwa sun san ainihin dalilin.

Ni ce ƙanwarta, uwa ɗaya uba ɗaya. Tela ce ni, kuma yawancin abin da zan faɗa a gabana aka yi shi, domin Yaya ba ta zuwa rigima ba tare da ta ja ni ba. Ta ce tana son mai riƙe mata jaka.

Bayan ta yi aure ta haihu, sai ta samu aiki a wani kamfanin wanki da guga, wanda ke karɓar zannuwan gado na otal-otal da asibitoci. Na sha kai mata saƙo can. Dogon ɗaki ne mai rufin kwano, tagoginsa can sama kusa da rufi, tururi ya cika shi har ba ka ganin fuskar wadda ke gefenka sosai. A tsakiya akwai injin guga, wani ƙaton ƙarfe kamar gangar mai a kwance, yana juyawa da zafi. Mata biyu ke tsayawa ta gaba su miƙa masa bakin zane, ya ja ya fitar da shi ta baya a goge. A bakin injin akwai wani ƙarfen kariya, da zarar hannu ya taɓa shi sai injin ya tsaya cak. Matsalar ita ce yana yawan tsayawa, ko zane ne ya naɗe ya taɓa shi. Manajan wurin ya ga aiki yana jinkiri, sai ya sa makaniki ya kwance ƙarfen ya jingine shi a bayan ƙofa.

Yaya ta yi magana. Duk wanda ya san ta ya san ba a hankali ta yi ba. Ta ce wa manajan a gaban kowa, wannan injin sai ya ci mutum. Ya ce in tana jin tsoro akwai masu neman aiki cike da bakin ƙofa. Ta yi shiru saboda yara na makaranta, mijinta kuma direba ne da wata rana a samu wata rana a rasa. Ita injin ya ci. Ya ja hannunta na dama tare da zanen, kafin a kai ga kashe shi yatsun tsakiya sun gasu sun murƙushe. A asibiti aka yanke su.

Ranar da ta koma da hannu a ɗaure, mai gadi ya tare ta a ƙofa yana sunkuyar da kai, ya ce an ce ta jira a waje. Manajan ya fito ya ce mata bincike ya nuna sakacinta ne, hira take yi ba ta kula ba, saboda haka kamfani ya sallame ta. Ta leƙa ta bayan kafaɗarsa ta hango an mayar da ƙarfen kariyar, har an shafa masa sabon fenti.

Wata abokiyar aikinta ce ta gaya mana akwai cibiyar taimakon shari'a ta 'yan sa-kai, inda lauyoyi ke zuwa bayan sun tashi daga aikinsu su saurari talaka kyauta. A saman wani shagon facin taya take. Sai ka bi wata siririyar matakala mai warin roba, ka tarar da benci biyu a jikin bango, da fanka mai kuka, da tebura waɗanda babu biyu masu kama da juna. Lauyan da aka haɗa mu da shi mutumin kirki ne, ba zan ci zalinsa ba. Da ya ga hannun Yaya sai da idonsa ya kawo ruwa. Amma shi duk rayuwarsa shari'ar filaye da gidaje yake yi, bai taɓa riƙe ƙarar ma'aikaci ba, kuma bai gaya mana haka ba. Ya kai ƙarar kotun da ya saba zuwa. Aka yi ta ɗage zama, muna zuwa muna dawowa, har wata rana alƙalin ya ce wannan ba huruminsa ba ne, a tafi kotun ƙwadago. Da aka je can, lauyan kamfanin ya miƙe ya ce wa'adin shigar da irin wannan ƙara ya wuce tuni. Alƙali ya duba ya ce haka ne. Kafin mu gyara zama an kori ƙarar. Babu wanda ya ce Yaya ta ɗaga hannunta a gani. Babu wanda ya ambaci ƙarfen kariya.

Daga kotun ba gida muka nufa ba. Yaya ta hau matakalar nan kamar ba ita ce ke fama da ciwon gwiwa ba, ni ina bin ta da jaka ina cewa Yaya ki yi haƙuri. Ta shiga ta tsaya a tsakiyar ɗakin, ta kwance ƙyallen da take rufe hannun da shi.

“Waye babba a nan?”

Wani dattijo ne ya ɗago kai daga teburin ƙarshe. Shi ya kafa cibiyar, tsohon lauya ne mai dogara sanda, kowa Barista yake ce masa kamar babu wani barista a duniya.

“Ni ne, Malama. Ki zauna.”

“Ba zan zauna ba. Na gaji da zama. Kun ce kyauta kuke yi, to na ga kyautar. Kamfani ya cinye mini yatsu, ku kuka cinye mini ƙara. Da gidan tela na kai yadi ya ce bai iya irin ɗinkin ba, ai sai in ɗauki kayana in yi gaba. Me ya hana mutuminku ya ce bai iya ba? Don ba na biya shi ne za a koyi aiki a kaina? In za ku taimaki mutum ku taimake shi, in ba ku iya ba ku rufe wannan ƙofar ku bar masu faci su zuba tayoyinsu!”

Ta daɗe tana yi. Lauyan filaye ya kifa kai a kan tebur. Barista bai katse ta ba ko sau ɗaya. Da ta tsaya don numfashi ya ce, “Duk abin da kika faɗa gaskiya ne, kuma ba ke ce ta farko ba. Yawancin masu zuwa mana ma'aikata ne, yawancin lauyoyin da ke zuwa taimako kuma ba su san dokar ƙwadago ba. Na daɗe ina son in buɗe musu horo. Dokar zan iya koya musu. Amma ina bukatar wadda za ta zauna a gabansu a matsayin mai ƙara, su yi mata tambayoyi, in sun yi shirme ta gaya musu.”

“Wato ku mai da ni abin gwaji karo na biyu.”

“E,” in ji shi. “Sai dai wannan karon da saninki.”

Ta ja tsaki ta ce mini mu tafi.

Ta yi watanni a gida. Guga ta gagare ta, ko ɗaurin ɗankwali sai autarta ta taya ta. Zafin ranta ya koma kan 'yan gida, mijinta ya riƙa fita da sassafe don kawai ya samu lafiya. Wata safiyar Asabar sai ga ta a shagona ta ce in rufe keke in raka ta. Na ce ina? Ta ce, “Wurin waɗancan jahilan masu kwat. In ban je ba wata za su yi wa.”

Haka aka fara horon. Kowace Asabar ana ture tebura gefe a jera kujerun roba. Da safe Barista ke tsayawa a gaban allo da sandarsa yana bayani: wace kotu ake zuwa, wane wa'adi ne ba ya jiran kowa, me ya bambanta kora da ajiye aiki, me doka ta ce a kan wanda ya ji rauni a bakin aiki ko mace mai juna biyu. Bayan an sha shayi sai a ajiye kujera ɗaya a tsakiya, Yaya ta zauna. Yau ita ce mai shara da aka kora don ta yi ciwo, mako mai zuwa ita ce kuku, wani makon mai ɗinki a masana'anta. Labaran duk na mutanen da ta sani ne, sai ta canza musu kama. Lauya zai zauna a gabanta ya yi ƙoƙarin gano abin da ya faru.

Ba su ji daɗinta ba. Wani ya duba wayarsa tana tsakiyar magana, ta miƙe ta ɗauki jaka ta nufi ƙofa. Ya ce Mama ina za ki? Ta ce, “Mai ƙarar ta tafi. Ka yi shari'ar da wayar.” Wani ya jero mata manyan kalmomi, ta bar shi har ya gama, sannan ta juya wajen Barista ta ce, “Wannan addu'a yake yi mini ko zagi?” Amma tana wuce gona da iri, wannan ba zan ɓoye ba. Akwai wata yarinya sabuwar lauya mai rawar murya da Yaya ta yi wa tatas a gaban jama'a don ta manta ta tambaye ta ko akwai shaidu. Yarinyar ta fita tana kuka, ba ta sake dawowa ba. A hanya na ce Yaya wannan ba ki kyauta ba, yarinyar nan da zuciya ɗaya ta zo. Ta ce, “Shi ma wancan lauyan filayen da zuciya ɗaya ya zo.” Ba ta taɓa neman yarinyar ba.

Shekaru suka tafi, horon ya yi suna. Ɗakin ya riƙa cika har wasu na tsayawa a matakala. Cikin waɗanda suka zo wata shekara akwai wani saurayi da Yaya ta raɗa wa suna Ɗan Kwalisa, saboda takalminsa kana iya duba fuskarka a ciki, turarensa kuma yana riga shi hawa sama. Da farko ta sa masa ido tana jiran ya yi kuskure. Bai yi ba. Yana sauraro, ba ya katse mutum, in an tashi shi ke karɓar jakar daga hannuna ya sauko mana da ita. Mama kaza, Mama kaza. Na ga Yaya tana yi masa murmushi, abin da ko surukanta ba su cika samu ba.

Wata rana bayan kowa ya watse ya jawo kujera kusa da ita. Ina zaune a gefe ina jiran mu tafi.

“Mama, ina son in tambaye ki. In ma'aikaciya ta tsaya gaban alƙali, wace tambaya ce ta fi rikita ta? Don in san yadda zan shirya waɗanda nake tsaya wa.”

Yaya ta gyara zama, ta ji an zo wurin da take so. Ta ce, “Ɗana, ka kula da kwanan wata. Mu ba ma riƙe kwanan wata. Mun san ranar da aka yi ruwa ne, ko ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi. In aka tambayi mace ranar, aka zagaya aka sake tambayarta ta wata hanya, sai ta faɗi daban, shi ke nan ta zama maƙaryaciya. Sannan mu an tarbiyyantar da mu da godiya. Manaja zai kore ki, ki ce masa na gode ki fito. Ni da bakina, duk rashin kunyata, na ce wa wancan manajan na gode kafin in tuna ko ni wace ce. To su sai su ce ai ta yarda. Abin da ya fi duka kuwa shi ne shiru. In lauya ya yi tambaya ta amsa, ya yi shiru yana kallonta, sai ta ga kamar ta yi laifi, ta ci gaba da zuba har ta faɗi abin da za a kama ta da shi. Ka gaya wa mutanenka in sun amsa su rufe baki.”

Ya yi ta gyaɗa kai. Ya ce, “Allah ya saka, Mama. Wannan babu shi a littafi.” A hanya Yaya ta ce mini da irin wannan yaron ta samu tun farko, da yanzu wani labarin ake yi.

Auta kuwa ta girma ta yi aure, tana aikin kashiya a wani babban kanti. Da ta samu ciki na fari, ƙafafunta suka riƙa kumbura, sai ta samo wata 'yar kujera tana ɗosana jiki in babu mai saye. Mai kula da su ta ɗauke kujerar, ta ce ba ya kyau a ido. Da cikin ya fito sosai, sai aka ce ba a son ta a gaba, aka mayar da ita sito tana jan kwalaye. Wata rana jiri ya ɗebe ta ta faɗi tsakanin kwalayen. Washegari manaja ya kira ta ofis, ya ba ta ruwa mai sanyi, ya ce ta je gida ta huta, lafiyarta ta fi komai. Ta yi godiya ta fito. Da ta ji sauƙi ta koma, aka ce ai ita ta ajiye aiki da kanta, an ma ɗauki wata.

Wannan karon Yaya ba ta ɓata lokaci ba. Cibiyar ta haɗa Auta da wata lauya da ta yi horon, mace mai natsuwa, ta shigar da ƙarar a kotun da ta dace kuma a kan lokaci. Ranar zama muka je mu uku, Auta na tafiya da ƙyar tana riƙe da ƙugu. Muna zaune a benci sai na ji wani ƙamshi da na sani. Ɗan Kwalisa ne ya shigo cikin baƙar riga, manajan kantin na biye da shi. Ya hango mu, ya ɗan tsaya, sannan ya ƙaraso ya rusuna.

“Mama, ina kwana.”

Yaya ta dube shi, ta dubi manajan, ta kau da kai.

Lauyar Auta ta yi nata tambayoyin lafiya lau. Sai Ɗan Kwalisa ya miƙe. Ko kaɗan bai ɗaga murya ba. Ya tambayi Auta ranar da aka ɗauke kujerar, ta faɗa. Ya yi ta wasu tambayoyi a kan sito da kwalaye, sannan ya ce, to, wannan ya faru ne kafin a biya albashin watan ko bayan an biya? Ta yi tunani ta ce bayan. Ya ce amma ranar da kika faɗa ɗazu ai kafin ne, wanne za mu ɗauka? Ta fara in-ina. Ya ce babu komai. Ya ce da manaja ya ce ki je ki huta, me kika ce masa? Ta ce na ce na gode. Ya ce kin gode. Sai ya yi shiru. Ya haɗa hannuwa yana kallonta da wannan fuskar tasa ta ladabi. Fanka na juyawa, alƙali na jira. Auta ta dubi uwarta, ta dubi ƙasa, sai ta ce, “Ai gaskiya ni ma a lokacin na gaji, ina son in huta ɗin.” Ya ce, “Na gode, ya mai shari'a, ba ni da sauran tambaya.”

Yaya ta miƙe tsaye. “Ɓarawo!” ta ce. “Ɓarawon magana! A bakina ka ɗauka!” Alƙali ya buga tebur, ma'aikacin kotu ya zo ya kama ta, ni na riƙe ɗaya hannun, muka fitar da ita tana waiwaye tana faɗa.

Da aka ɗage zaman Ɗan Kwalisa ya same mu a baranda. Gaskiyar magana, bai gudu ta ƙofar baya ba.

“Mama, wallahi ban san 'yarki ba ce sai yau.”

“In 'yar wata ce fa? Ita ba uwa ce ta haife ta ba?”

“Aikina nake yi, Mama. Kowa yana da haƙƙin a tsaya masa, har kanti. Ban yi ƙarya ba, ban zage ta ba.”

“Ka zauna a gabana ka ce mini don waɗanda kake tsaya wa kake tambaya.”

“A lokacin haka ne. Daga baya na samu aiki a wani ofishin, ina da iyali.”

“Ni da na gaya maka ba ni da iyali? Na buɗe maka cikina don ka rufa wa irina asiri, ka je ka wasa wuƙa da shi. Kar ka ƙara ce mini Mama. Uwarka tana gida.”

Ya juya wajen manajan da ke jiran sa a gindin mota.

Kwamitin cibiyar na zama a ƙarshen wata, kuma ba a taɓa gayyatar Yaya ba. Wannan watan ta gayyaci kanta. Ta ce magana ɗaya ta kawo ta: daga yau duk lauyan da ke yi wa kamfani aiki kar ya sake taka matakalar nan, wanda kuma zai yi horon ya rantse ba zai taɓa tsayawa a kan ma'aikaci ba.

Barista ya tsufa sosai a lokacin, muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce, “Malama, abin da aka yi wa 'yarki ya ƙona mini rai. Amma ba ni da ikon ɗaure lauya har ƙarshen rayuwarsa. Wanda ke tare da mu yau gobe yana can, na can kuma wata rana ya dawo. Kuma na san waɗanda suka fita daga ɗakin nan suka je suka gaya wa masu kamfani, wannan korar haramun ce, kar ku yi. Waɗannan ma'aikatan ba su taɓa zuwa nan ba, domin ba a kore su ba. Ba ki gan su ba, amma suna nan.”

“Ban gan su ba,” in ji Yaya. “Auta na gani.”

Wani daga cikinsu ya ce ai dabarun nan duk lauya zai koye su ko a ina, ba sai a wurinta ba. Ta juya kansa. “To me ya sa kuka ajiye ni a kujera shekara da shekaru, in ko a ina ana samu? Ku doka kuke bayarwa, tana cikin littafi, kowa ya saya. Ni kunyata nake bayarwa, da ta matan da suka gaya mini sirrinsu. Kun taɓa tambayar wanda ke shigowa ina za shi da ita?”

Suka yi ta muhawara har shayi ya huce. A ƙarshe suka tsayar cewa ƙofa za ta ci gaba da zama a buɗe, amma ba za a ba kowa shaidar kammala horo ba sai ya riƙe wa ma'aikata ƙararraki kyauta a cibiyar na wani lokaci. Barista ya ce wannan ne iyakar abin da za su iya. Yaya ta ce wato mutum ya yi sadaka da safe ya yi fashi da yamma. Ta ce ta bar musu kujerarsu, su nemi mai zama.

Shari'ar Auta ba ta mutu ba. A zama na gaba lauyarta ta kawo wata kashiya da ta yi ƙarfin hali ta ba da shaida a kan kujerar da kuma yadda manajan ya ce ba ya son mai ciki a gaban kanti. Alƙali ya yanke cewa kora ce ba ajiye aiki ba, ya ce a mayar da ita. Kafin nan ta haihu. Suka mayar da ita, suka ba ta aikin da ke tashi bayan motocin haya sun yi wuya, ga jariri a gida. Ba ta daɗe ba ta bari da kanta, wannan karon da gaske. Kashiyar da ta ba da shaida kuma aka tura ta wani reshe mai nisa. Da mutane suka zo yi wa Yaya murnar an ci shari'a, ta ce su nuna mata abin da aka ci.

Na ɗauka ta rabu da cibiyar ke nan, amma ba ta iya ba. Akwai wani ɗan ɗaki a bayan ofishin inda ake tara karyayyun kujeru da tsohuwar na'urar buga takardu. Ta sa aka share shi. Yanzu duk ranar Laraba tana can, kuma lauya ba ya shiga. Ma'aikatan da za su tsaya gaban alƙali su take zama da su, ita a matsayin lauyan kamfani. Tana yi musu tambayoyi da murya mai laushi har sai sun rikice, sannan ta daka musu tsawa a sake daga farko. Wasu na fitowa suna share hawaye, wasu na fitowa suna zaginta ƙasa-ƙasa. Lauyoyin cibiyar sun ce mutanensu sun fi tsayuwa da ƙafafunsu yanzu. Ita ba ta tambaye su ba.

Bara Barista ya rasu. Yaya ta je gaisuwa ta zauna a cikin mata, da muka fito ta ce mini mutumin kirki ne mai taurin kai. Wanda ya gaje shi matashi ne mai son ci gaba. Kwanan baya ya same ta a bakin ɗan ɗakin nan, tare da wani mai ɗauke da kyamara. Ya ce Hajiya, muna son mu ɗauke ki a bidiyo kina bayanin duk abin da kika sani, mu sa a intanet, lauyoyi ko'ina su amfana.

Yaya ta dubi kyamarar, ta dube shi.

“Ko'ina?”

“Ko'ina, Hajiya. Duk mai waya.”

“Wato ba sai sun wahala sun hau matakala ba. Suna kwance a ofis cikin sanyi, manaja na gefe, su danna su ga inda ake soka. Ɗana, ka gaya wa wannan ya sauke abin nan daga fuskata tun kafin ya koma da shi a buhu.”

Mai kyamarar ya ja da baya har ya yi karo da benci. Shugaban ya fara cewa ba ta fahimce shi ba, ta ce ta fahimce shi sarai. A kan bencin akwai wani dattijo mai aikin ɗaukar kaya a sito, bayansa ya lalace aka sallame shi, yana zaune a karkace yana kallon ikon Allah. Yaya ta yafito shi.

“Baba, taso, kai ne na gaba. In na tambaye ka abin da ba ka tuna ba, me za ka ce?”

“Sai in yi ƙoƙari in tuna, Hajiya.”

“A'a! Ka ce ban tuna ba, ka tsaya a nan. Shigo mu fara.”

Ta miƙo mini jakarta, ta ja ƙofar ta rufe.